Bookshare: Aikin Mai Bita a Ɗakin Karatun da Makafi Suka Gina da Hannunsu

A ɗauki makaho guda a Amurka cikin shekarun 1990, ya sayo littafi mai shafi 300 yana son karantawa. Zai buɗe shi ya kifa a kan gilashin na'urar sikana, ya danne gadon bayan littafin da tafin hannu don kada tsakiya ta fito da duhu, ya saurari ƙarar fitila tana wucewa, ya ɗaga, ya juya takarda, ya sake kifawa. Sau 150 ke nan idan na'urar tana ɗaukar shafi biyu a tashi ɗaya. Kafin ya gama, rabin yini ya tafi. Daga nan manhajar gane haruffa ta mayar da hotunan shafukan zuwa rubutu, muryar kwamfuta ta shiga karanta masa. Wani layin ya fito tas, wani ya fito shirme, amma dai ya samu ya san abin da littafin ya ƙunsa. In ya kammala, fayil ɗin ya kwanta a kwamfutarsa. A wani gari can kuma, wani makahon yana tsaye a kan tasa na'urar, da littafin nan dai, yana shan wahalar nan dai.

Wannan asarar ƙarfi ita ta haifi Bookshare, ɗakin karatu na intanet da ƙungiyar Benetech ta buɗe a 2002 daga garin Palo Alto na jihar Kalifoniya. An sha ba da labarinsa a matsayin nasarar fasaha ko nasarar doka, kuma duka biyun haka ne. Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mutum na biyu a cikin jerin aikin: ɗan sa-kan da ba shi ya yi sikanin ba, wanda zai ɗauki fayil ɗin wani ya bi shi layi-layi yana gyara ɓarnar na'ura kafin littafin ya hau kanta.

Mafarin abin

Ray Kurzweil ne ya fito da na'urar farko mai karanta wa makaho bugaggen rubutu da murya, a watan Janairun 1976, da haɗin gwiwar babbar ƙungiyar makafi ta Amurka. Kuɗinta ya kai kusan dala 50,000, saboda haka sai dai makarantu da ɗakunan karatu. Jim Fruchterman, injiniyan da ya yi karatu a Caltech, ta ƙofar kasuwanci ya shigo harkar gane haruffa, a kamfanin da shi da abokansa suka kafa a 1982, wanda aka sani da Calera. A 1989 ya kafa Arkenstone, ƙungiyar da ba riba take nema ba, don a sauko da farashin irin wannan na'ura zuwa inda hannun makaho mai ƙaramin ƙarfi zai kai. Mutum kimanin 35,000 a ƙasashe 60 suka yi amfani da kayan Arkenstone kafin a sayar da wannan ɓangare ga kamfanin Freedom Scientific a 2000. Kuɗin cinikin su suka zama jarin Benetech.

Fruchterman ya san abokan cinikinsa, ya san dubbansu littattafai iri ɗaya suke ta yi wa sikanin kowa a ɗakinsa. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, ranar da ɗansa ya nuna masa Napster, manhajar da matasa ke musayar waƙoƙi da ita a lokacin, sai tunanin ya faɗo masa: me zai hana wanda ya riga ya sha wahalar littafi ya ajiye shi a inda saura za su ɗauka? Bambancin shi ne musayar Napster ta ci karo da dokar haƙƙin mallaka, wannan kuwa doka ta riga ta share mata hanya. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar gyaran da ake kira da sunan Sanata John Chafee na jihar Rhode Island, wanda ya zama sashe na 121. Sashen ya bai wa hukuma ko ƙungiyar da ba ta neman riba damar mayar da bugaggen littafi zuwa sigar da makafi da sauran masu lalurar karatu za su iya amfani da ita, ba sai an nemi izinin mai littafin ba, ba kuma sai an biya shi ba. Akwai sharuɗɗa: a raba wa masu lalurar kawai, a sa bayanin haƙƙin mallaka a jikin kowane kwafi, kuma a wancan lokacin ban da littattafan wasan kwaikwayo.

Duk da haka Benetech ba ta yi gaban kanta ba. Tun kafin buɗewa ta zauna da ƙungiyar kamfanonin ɗab'i ta Amurka, aka fito da matakan tsaro guda bakwai. Cikinsu akwai kawo shaidar lalura daga ƙwararre, da rattaba hannu a yarjejeniya, da saka sunan mai saukewa a cikin fayil ɗin da ya sauke, ta yadda in aka tsinci littafin yana yawo a intanet an san daga hannun wa ya fita.

Hannu biyu a kan littafi ɗaya

Tsarin aikin ba shi da sarƙaƙiya. Ɗan sa-kai na farko ya yi sikanin, ya ɗora fayil ɗin tare da sunan littafi, da na marubuci, da shekarar haƙƙin mallaka, da ɗan taƙaitaccen bayani. Littafin ya shiga jerin masu jiran bita. Ɗan sa-kai na biyu ya leƙa jerin, ya zaɓi wanda ya kwanta masa, ya ɗauka na 'yan kwanaki, ya gyara, ya mayar. Ma'aikacin Bookshare ya yi duban ƙarshe, musamman ta fuskar doka, sannan kwamfuta ta juya fayil ɗin zuwa siga biyun da aka fara da su: DAISY, wadda ake saurare ko a ƙara wa haruffanta girma kuma ake iya tsallakawa daga babi zuwa babi, da BRF, wadda ake karantawa da yatsu a kan na'urar Braille ko a buga ta a takarda mai kauri. A lokacin, mai sikanin da mai bita kowa yakan samu ɗan lada na 'yan daloli da ake rage masa daga kuɗin rajistar shekara, wanda ya daɗe yana kan dala 50. Ba wanda zai ce don wannan ya yi sati yana fama da littafi.

Ƙa'idar da ta riƙe ginin duka ita ce wanda ya yi sikanin ba shi zai amince da aikinsa ba. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san hikimar: almajiri in ya rubuta allo sai ya kai an yi masa darasu kafin ya shiga hadda, don kada ya haddace kuskure. Mai karatu da kunne yana cikin irin wannan haɗarin. Ba shi da takardar a gabansa balle ya ce bari in sake dubawa, abin da fayil ya faɗa masa shi ne littafin.

Yawancin 'yan sa-kan farko su ne masu karatun da kansu. Wannan ya sauya abubuwa da dama. Tun 1931 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yake samar wa makafi littattafai, daga baya har da waɗanda ƙwararrun masu karatu ke naɗa da muryarsu, aiki mai kyau ƙwarai. Amma naɗar murya tana cin lokaci da kuɗi, 'yan dubbai kaɗan ake iya yi a shekara, don haka dole wani ya zauna ya zaɓa wa makafi abin da za su karanta. A Bookshare zaɓin ya dawo hannun mai karatu. Mai son labaran soyayya ta yi sikanin nata, mai son littafin girki ko na gyaran kwamfuta ko na addininsa ya kawo nasa. In akwai wanda kake so ba ka da shi, ka sa a jerin buƙatu, wani ya aro daga ɗakin karatun garinsu ya yi maka. Har mutane suka riƙa ƙulla abota ta aiki: mai sikanin ya rubuta a jikin sunan fayil cewa an ajiye wa wane, saboda ya san hannunsa, ya san ba zai yi masa aikin gaggawa ba.

Abin da mai bita yake fama da shi

Manhajar gane haruffa siffa take gani, ba ta san ma'ana ba. Harafin r da n in suka matsu da juna sai ta ɗauke su m. Ƙaramin l da babban I da lamba 1 duk sanda ɗaya ce a wajenta. Ɗigon ƙazanta a kan takarda ya zama aya ko waƙafi. Katon harafin ado da ake buɗe babi da shi yakan ɓace gaba ɗaya, kalmar farko ta fito ba kai. Kalmar da aka raba da karan ɗori a ƙarshen layi ta zama kalmomi biyu marasa ma'ana. Shafi mai ginshiƙi biyu kuwa, wani lokaci na'urar takan bi shi a miƙe, ta haɗa rabin layin hagu da rabin layin dama, ta fito da zancen da ba mahaluƙin da ya taɓa rubutawa.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, don suna tona kansu. Mugun kuskure shi ne wanda ya fito a matsayin sahihiyar kalma. A Turanci, modern takan koma modem, and ta koma arid, burn ta koma bum, the ta koma die. Ka bi fayil ɗin da manhajar duba ƙa'idar rubutu, ba za ta ce uffan ba, domin kowace tana cikin ƙamus. Ba mai kama su sai wanda yake karatu da hankalinsa a kan ma'ana, ya ji jimla ta yi masa banbaraƙwai ya tsaya. Haka lambobi. A littafin girki, rabin cokali in na'ura ta cinye alamarsa ya zama cokali 12, ba ƙamus ɗin da zai yi magana. A littafin tarihi 1861 ta zama 1867, ɗalibi ya kwashe ta haka ya kai ɗakin jarrabawa.

Sai kanun shafi. Bugaggen littafi yakan maimaita sunansa ko sunan babi a saman kowane shafi. Ido ba ya ma lura da shi, tsallake shi yake. Muryar kwamfuta ba ta san tsallake ba. Ga yadda abin ke zuwa wa kunne: "Ta tura ƙofar a hankali, sai ta ga, ɗari da sha huɗu, babi na shida, mutumin yana zaune a bakin gado." Sau ɗari uku a littafi ɗaya. Bookshare ta sa wata manhaja mai share irin waɗannan layuka kai tsaye, sai ita ma ta zo da tata matsalar: a shafin da babi ya fara, takan ɗauka sunan babin ma kan shafi ne ta haɗiye shi. 'Yan sa-kai suka gano dabarar kare shi, su sa lambar shafin a samansa yadda manhajar za ta taɓa wancan ta bar wannan. Suka kuma koyi ƙara wa sunan babi girman harafi da kauri, don da wannan alamar ce kwamfuta ke gane inda za ta sa wa mai karatu matsallaka. Irin wannan ilimi ba a aji aka koyar da shi ba, tsoffin hannu ne ke nuna wa sababbi.

Lambar shafi ita kanta ba a wasa da ita. Mai bita zai bi fayil ɗin ya tabbatar kowane shafi yana nan, a jere, da iyakarsa, har shafukan da babu komai a kansu. Wanda bai san dawan garin ba zai ce mene ne na wahala, tunda saurare za a yi? Amsar tana cikin aji. Malami ya ce a buɗe shafi na 87, sauran yara sun buɗe, makahon yaro ma yana bukatar ya isa can a lokacin. Ɗalibar jami'a mai rubuta kundi dole ta faɗi shafin da ta ɗauko magana. Kuma ƙirgar shafi ita ce hanyar da ake kama babbar asara: takarda biyu sun manne wa mai sikanin, ya juya su tare bai sani ba, daga 143 aka faɗa 146. In a ƙarshen labari ne, mutum ya yi kwana uku yana bi, ya zo inda za a warware ƙulli ya tarar babu.

A nan ne aikin makahon mai bita yake da ban sha'awa da kuma wuya. Masu gyara wa Project Gutenberg, wani ɗakin karatu na kyauta a intanet, tsoffin littattafai, a tsarin da Charles Franks ya kafa a 2000, hoton shafi ake nuna musu a gefe ɗaya, rubutu a gefe ɗaya, su kwatanta da ido. Shi wannan ba shi da hoto, kuma ko da akwai ba zai amfane shi ba. Yana zaune, yatsunsa a kan layin Braille mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa suna komawa, ko kuma belun kunne a kansa. Ya zo wurin da kalma ta dagule. In mahallin ya nuna ta ƙarara, ya gyara. In sunan mutum ne ko na gari, ya bincika sauran wuraren da sunan ya fito a littafin ya ga yadda aka rubuta shi. In abin ya fi ƙarfin haka, ba ya ƙirƙira. Sai ya aika wa mai sikanin: don Allah sake ɗaukar mini shafi kaza. Ko ya nemi wani ɗan sa-kai mai gani ya samo bugun takarda ya karanto masa layin. Kunne da yatsa da ido kowanne da abin da yake kamawa. Alamar zance da ta ɓace, murya takan wuce ta shiru, amma yatsa ya ji gurbinta nan take. Layin da ya ɓace ɗungurungum kuwa, in jimlar ta haɗe da ta gaba ba tare da tangarɗa ba, sai mai takarda a hannu.

Akwai kuma abin da aka hana shi taɓawa. Kuskuren na'ura nasa ne ya gyara, kuskuren marubuci ko na maɗaba'a ba nasa ba ne. In marubuci ya karya nahawu da gangan don ya nuna yadda wani ke magana, a bar shi. In akwai ashar ko maganar da ba ta yi wa mai bita daɗi ba, a bar ta, iyaka a sa alamar cewa littafin na manya ne. Ina ganin wannan ita ce ƙa'ida mafi daraja a cikin tsarin. An daɗe ana yi wa makafi karatu da tausayi, mai karantawa ya taƙaita nan, ya tsallake can, ya ce wannan ba shi da amfani. A nan an yanke cewa makaho zai samu littafin da maƙwabcinsa mai ido ya saya a kanti, da kyansa da muninsa.

Da babu gara ba daɗi?

Ba tun farko aka kai nan ba. A shekarun farko abin da ake nema daga mutum na biyu bai wuce tantancewa ba: littafin cikakke ne, bayanin haƙƙin mallaka daidai ne, ana iya karanta shi. Kowane littafi ana ba shi daraja ɗaya cikin uku, mai kyau ƙwarai, mai kyau, ko na lallaɓawa. Wasu masu tantancewa sukan karanta daga bango zuwa bango, wasu su leƙa nan da can su miƙa. Sakamakon shi ne kanta ta cika da sauri, amma da littattafan da wasunsu ke sa mai karatu ya haƙura a tsakiya.

Masu goyon bayan sauri suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jin ana hirar littattafan da ba shi da hanyar karantawa, in ka ba shi mai kurakurai zai karɓa da hannu biyu. Shi ya saba da cike gurbi da ka. Ɗaya ɓangaren suka ce wannan sabon shi ne ciwon. Ba mai gani da zai yarda ya biya kuɗi a ba shi littafin da kowane shafi yake da kalma biyar a dagule, don me za a ce makaho ya gode? Kuma yaron da yake koyon rubutu daga abin da yatsunsa ke taɓawa, ko mai lalurar rikicewar haruffa da yake bin rubutu a allo murya tana raka shi, ba su da tsohon sanin da za su cike gurbin da shi. Abin da aka ba su shi za su ɗauka daidai.

Ɓangare na biyu ne ya yi rinjaye. Aka daina karɓar na lallaɓawa, aka ɗaga ma'auni zuwa mafi kyau, aka buɗe ƙofar mai karatu ya kai ƙorafi a kan littafin da ya tarar da matsala, aka kuma ƙarfafa sake sikanin tsofaffin da suka shiga da rauni don a maye gurbinsu. Sunan aikin ma ya tashi daga tantancewa ya koma bita, wato karatun gyara. A ganina an yi daidai, ko da yake an biya farashi: jerin jira yakan yi tsawo, kuma littafi mai wuya, mai jadawali da bayanan ƙasan shafi, yakan daɗe ba wanda ya ɗauka, kowa na zaɓen mai daɗin karantawa.

Bayan 2007

A 2007 ma'aikatar ilimi ta Amurka, ta ofishinta na ilimin masu buƙata ta musamman, ta bai wa Benetech dala miliyan 32 na shekara biyar don kowane ɗalibi mai lalurar karatu a ƙasar ya shiga Bookshare kyauta. Daga nan girman aikin ya wuce abin da 'yan sa-kai kaɗai za su ɗauka. Ɗalibin da za a fara wa darasi ranar Litinin ba zai jira sai wani ya samu sukuni ba. Sai ma'aikata suka riƙa sayen littafi, su datse gadon bayansa da wuƙar maɗaba'a, su zuba takardun a na'ura mai gudu, a aika bitar ga ƙungiyoyin da ake biya a Kenya da Laos da Indiya, waɗanda su ma suke samar wa matasa marasa galihu da naƙasassu aikin yi. Mafi girma kuma, kamfanonin ɗab'i suka fara miƙa fayilolinsu kai tsaye. Yau littattafan Bookshare sun haura miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu ta wannan ƙofar suka shigo, ba su taɓa hawa gilashin sikana ba.

Wannan ci gaba ne, ba shakka. Littafin da ya zo daga maɗaba'a ba shi da modem a wurin modern. Amma yakan zo da nasa giɓin: sau da yawa fayil ɗin ba ya ɗauke da lambobin shafin bugun takarda, abin da ɗan sa-kai ya ɓata dare yana kiyayewa. Hotuna da taswira da zane-zanen kimiyya ma sukan zo babu bayani, murya ta ce "hoto" ta wuce. Don haka a 2010 aka kafa cibiyar DIAGRAM, aka ƙera manhajar Poet da 'yan sa-kai suka riƙa rubuta bayanin hoto da ita, aikin da yake neman wata irin ƙwarewa: ka faɗi abin da zanen ke koyarwa, a taƙaice, ba tare da ka ba da amsar tambayar da ke ƙarƙashinsa ba. Tsohon aikin sikanin da bita kuma ya koma inda ba mai yin sa sai su, wato littattafan da aka daina bugawa, da na ƙananan maɗaba'u, da waɗanda suka fito tun kafin a san fayil.

Ketare iyaka

A da, littafin da aka yi a ƙarƙashin dokar Chafee ba ya fita daga Amurka, sai wanda kamfanin ɗab'i ya ba da izini. Makaho a Legas ko Accra yana jin Turanci sarai, littafin yana nan an gama gyara shi, amma doka ta tsaya a tsakani. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta kira halin da ake ciki yunwar littafi, ta ce abin da ake samu a sigar da makaho zai iya karantawa bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ba, a ƙasashe masu tasowa ma bai kai kashi 1 ba. Yarjejeniyar Marrakesh, da aka amince da ita a Maroko ranar 27 ga Yunin 2013 ta kuma fara aiki ranar 30 ga Satumban 2016, ita ta buɗe wannan iyakar. Indiya ce ta fara tabbatar da ita. Najeriya ta shiga a 2017, Amurka a 2019, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta zo da tanadi na musamman don makafi da masu lalurar karatu.

Wannan zai kawo wa ɗalibanmu littattafan Turanci da Faransanci da Larabci da wasu suka riga suka gyara. Na Hausa kuwa ba wanda zai aiko mana da su daga waje. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, an yaye masu karatu da yatsu zuriya bayan zuriya, amma mafi yawan abin da aka buga da Hausa yana cikin rukunin nan da ya rage wa 'yan sa-kai: tsohon bugu, ƙaramar maɗaba'a, takarda mai shara-shara da tawadar bayan shafi ke leƙowa ta cikinta, kuma ba fayil a hannun kowa.

Ga kuma namu nau'in mugun kuskuren. Manhajar da ba a horar da ita da Hausa ba takan yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, kuma abin da ya rage sau da yawa sahihiyar kalma ce. Ƙasa ta koma kasa, baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Marubuci ya ce ƙura ta lafa, fayil ya ce kura ta lafa. Babba zai yi murmushi ya wuce, yaron da ke koyon ƙa'idar rubutu da yatsunsa zai ɗauka haka ake rubutawa.

Sai wata tambaya da masu bitar Turanci ba su taɓa fuskanta ba. Littattafan Hausa da yawa tun a maɗaba'a aka buga su babu lanƙwasa ko ɗaya. Mai bita ya mayar musu da ita, ko ya bar su yadda suke? Ni ina tare da ƙa'idar Bookshare: inda takarda take da lanƙwasa na'ura ta zubar, a mayar, inda takardar ba ta da ita tun asali, a bar wa makaho abin da mai ido yake gani. In kuwa littafin makaranta ne da yara za su koyi rubutu daga cikinsa, har aka ga dole a saka, to a rubuta a shafin farko, kafin sunan littafin, cewa bugun asali ba shi da waɗannan haruffa, mai bita ne ya ƙara su.